Masu Tsaron Waya Domin Ranar Tsanani

Ranar Jumma'a, 26 ga Oktoba 1962, yayin da jiragen ruwan yaƙin Amurka suka yi wa tsibirin Kyuba ƙawanya saboda makamai masu linzami da Tarayyar Sobiyet ta girke a can, kuma talikai a ko'ina suka zuba ido ba su san abin da gobe za ta haifa ba, shugaban Sobiyet Nikita Khrushchev ya rubuta wa Shugaba John Kennedy wata doguwar wasiƙa wadda a cikinta akwai ƙofar sulhu. An miƙa ta ga ofishin jakadancin Amurka a Mosko, aka fassara ta daga Rashanci zuwa Ingilishi, aka ƙulle ta da rubutun sirri, aka buga ta gutsure-gutsure ta layukan tangaraho, sa'an nan a Washinton aka kwance ƙullin aka mayar da ita takarda. Kafin kashinta na ƙarshe ya isa hannun waɗanda aka rubuta dominsu, kusan sa'a 12 ta shuɗe. Mashawartan Kennedy ba su gama tufka amsa ba sai ga wasiƙa ta biyu da safiyar Asabar, mai sharuɗɗa masu tsauri, wadda ita kuwa gidan rediyon Mosko ne ya karanta ta duniya tana ji. Kuma a wannan yinin ne aka harbo jirgin leƙen asirin Amurka a sararin Kyuba, matuƙinsa Manjo Rudolf Anderson ya mutu. Ran Lahadi, da Khrushchev ya ƙudurta janye makamansa, ta rediyo ya sake sanarwa, don tsoron kada jinkirin waya ya sa a soma yaƙi alhali kuwa an riga an yarda da sulhu.

Jakadan Sobiyet a Washinton na wancan zamani, Anatoly Dobrynin, ya ba da labari daga baya cewa in suka gama ƙulle rahoto da rubutun sirri, kamfanin tangaraho na Western Union suke kira, shi kuwa ya turo musu wani saurayi a kan keke ya karɓa. Suna kallonsa yana tafiya da abin da rayukan miliyoyin mutane suka rataya a kansa, ba su da wata dabara illa fatan kada ya tsaya hira a hanya. Dauloli biyu ke nan waɗanda suka mallaki makaman da za su iya tashin birane cikin rabin sa'a, amma maganar da za ta hana a harba su sai ta yini tana tafiya.

Daga wannan firgici ne wata sana'a ta kafu sosai a gwamnatin Amurka, wato sana'ar mutanen da aka ɗora wa alhakin tabbatar da cewa ranar da musiba ta sauka, ko ta yaƙi, ko ta guguwa, ko ta gobara, maganar masu mulki za ta isa inda aka nufa a kan kari, ba tare da kunnen maƙiyi ya ji ta ba, kuma wanda ya karɓe ta zai sami yaƙini cewa daga wanda aka ce ta fito ta fito. Mutane ne da jama'a ba su san sunayensu ba, kuma galibinsu sukan gama aiki su yi murabus ranar da aka tanade su dominta ba ta zo ba. Na daɗe ina ganin cewa duk wanda yake son ya fahimci yadda daula take tsayuwa da ƙafafunta, ya kamata ya dubi waɗannan bayin Allah kafin ya dubi masu jawabi a kan mumbari.

Ran 20 ga Yuni 1963 wakilan ƙasashen biyu suka sa hannu a birnin Janeba a kan yarjejeniyar shimfiɗa layi na kai tsaye tsakanin Washinton da Mosko, kuma ran 30 ga Agusta na wannan shekara layin ya soma aiki. Masu shirya majigi sun cusa wa mutane cewa wani jan tarho ne a kan teburin shugaban ƙasa, amma hakikanin al'amari ba tarho ba ne ko kaɗan. Kekunan rubutu ne masu haɗe da waya, wanda aka buga a wannan gefe sai ya fito a takarda a wancan. Da gangan aka guje wa murya, kuma hikimar da ke ciki a bayyane take: mai magana da baki cikin fushi yakan faɗi abin da ba ya iya janyewa, tafinta kuma yakan yi tuntuɓe in an matsa masa, amma rubutu yana tilasta wa mutum ya yi tunani kafin ya aika, yana ba mai karɓa damar ya maimaita karatu, ya yi shawara, sa'an nan ya amsa. Aka kuma shar'anta cewa kowane ɓangare ya rubuta da harshensa, fassara tana wuyan mai karɓa, don kada wani ya ce an sa masa magana a baki. Saboda haka Amurkawa suka aika da kekunansu masu baƙaƙen Rumawa zuwa Mosko, Rashawa kuma suka aiko da nasu masu baƙaƙen Rashanci zuwa Washinton.

Igiyar ta tashi daga Washinton, ta ratsa ƙarƙashin teku zuwa Landan, ta bi Kopenhagen, da Stokholm, da Helsinki, ta sauka Mosko. Aka kuma tanadi hanya ta biyu ta wayar iska wadda ta bi ta Tanja a ƙasar Maroko, saboda halin ko-ta-kwana. Mas'alar sirri ita ce ta fi wuya, gama ba wanda zai yarda ya nuna wa abokin gabarsa injin da yake ɓoye maganarsa da shi. Sai aka dace a kan wani inji ƙirar ƙasar Nowe, wanda ake sayarwa a kasuwa, mai aiki da zaren takarda mai huda-huda: kowane zare yana ɗauke da baƙaƙe barkatai waɗanda ake cuɗa su da saƙon, ana amfani da shi sau ɗaya tak a lalata shi, kuma wanda ba shi da ɗan'uwan wannan zare ba shi da hanyar kwance ƙullin komai iliminsa na hisabi. Kowace ƙasa ita take yin zarenta, ta aika wa ɗayar da kwafinsa ta hannun jakadunta. Ashe har maƙiya biyu ba su iya yin magana a asirce sai sun ba juna amanar mabuɗi.

To, a nan ne aikin da nake son in tsaya a kansa yake. Layi irin wannan yana iya shekara guda ko biyu shugabanni ba su taɓa shi ba, kuma layin da ba a taɓawa ba wanda zai iya rantsuwa cewa yana da rai. Don haka aka ajiye ma'aikata a wani ɗaki cikin cibiyar umurnin soja da ke ginin Pentagon, masu aikin waya da hafsoshi masu jin Rashanci, suna karɓa-karɓa dare da rana, kuma aikinsu shi ne gwada layin kowace sa'a: Amurkawa su aika a sa'o'in shafa'i, Rashawa su aiko a sa'o'in wuturi, ba ranar hutu, ba ranar biki. Tun da yake saƙon gwaji ba ya halatta ya ƙunshi abin da za a yi wa tawili na siyasa ko na tsokana, sai suka riƙa zaɓo abin da ba ya cutarwa: Amurkawa suna aika yankuna daga rubuce-rubucen Shakespeare da Mark Twain, da littattafan sani, da jagorar taimakon farko ga wanda ya ji rauni, Rashawa suna aiko da na marubutansu irin su Chekhov. Mai fassara kuma wajibi ne ya fassara abin da ya zo, domin harshe ma yana tsatsa in an ajiye shi. Mai karatu ya auna wannan da kansa: saƙo 24 a kowane yini, shekara bayan shekara tun 1963, ana yin su da kula irin ta wanda ya san cewa saƙo na gaba yana iya zama shi ne na gaske. Gwajin kuwa bai zama banza ba, gama an sha samun igiyar a yanke. An taɓa samun mai tuƙa motar ture ƙasa ya datse ta kusa da Kopenhagen, wani manomi kuma a ƙasar Finlan ya tono ta da garma, kuma da ba don gwajin sa'a-sa'a ba, da sai ranar bukata za a gane.

Ranar bukatar ta zo da safiyar 5 ga Yuni 1967, sa'ad da yaƙi ya ɓarke tsakanin Isra'ila da ƙasashen Larabawa, Firayim Ministan Sobiyet Alexei Kosygin ya nemi magana da Shugaba Lyndon Johnson. Sakataren Tsaro Robert McNamara ya faɗa daga baya cewa sai a ranar ya gane layin a Pentagon ya tsaya, bai ƙarasa fadar shugaban ƙasa ba, aka yi gaggawar haɗa shi. Cikin kwana shida na wannan yaƙi an yi musayar saƙonni kusan 20, kuma a cikinsu akwai wanda Johnson ya aika ran 8 ga wata yana bayyana wa Mosko cewa jiragen saman da suka tashi daga rundunar ruwansa a Bahar Rum ba shiga yaƙi za su yi ba, za su duba jirgin ruwan Amurka mai suna Liberty ne wanda aka kai wa hari. Abin baƙin ciki shi ne, shi wannan jirgi, wanda sojojin Isra'ila suka far wa har mutum 34 suka rasa rayukansu, manyan hafsoshi a Washinton sun riga sun ba da umurnin ya ja baya nesa da gaɓar teku, amma saƙonnin suka ɓace a cikin tashoshin wayar soja, har aka karkatar da wasu zuwa ƙasar Filifin, ba su riske shi a kan lokaci ba. A mako ɗaya ke nan, layin da ake gwadawa kowace sa'a ya isar da magana ga abokin gaba cikin mintoci, layukan gida kuwa da aka saki jiki da su suka kasa isar da ita ga 'yan gida.

An yi ta sabunta layin daga baya, da taurarin ɗan'adam a 1978, da na'urar aika hoton takarda a 1986, da kwamfuta a 2008, amma asalin ƙa'idar bai canza ba: rubutu, da harshen mai aikawa, da gwaji.

Kwana tara kafin buɗe layin Mosko, wato ran 21 ga Agusta 1963, Kennedy ya sa hannu a kan wata takardar umurni da ta kafa Tsarin Sadarwa na Ƙasa, domin rikicin Kyuba ya tona asirin cewa ma'aikatun gwamnatinsa kansu, na tsaro da na harkokin waje da na leƙen asiri, kowace da nata wayoyin, kuma ba sa jin juna yadda ya kamata. Ga wata gaskiya da ta sa aikin ya yi nauyi: galibin wayoyin da gwamnatin Amurka take magana ta cikinsu ba nata ba ne, na kamfanoni ne. Muddin kamfanin AT&T shi kaɗai yake riƙe da kusan dukan tarhon ƙasar, al'amarin da sauƙi, ƙofa ɗaya ake ƙwanƙwasawa; amma da shari'a ta rarraba shi a farkon 1984, sai ya zama tilas a kafa wata cibiya inda ma'aikatan gwamnati da wakilan kamfanoni masu gasa da juna za su zauna a ɗaki ɗaya, su san juna tun ana zaman lafiya, gama ba a fafe gora ranar tafiya. A wannan shekarar ce Shugaba Ronald Reagan ya faɗaɗa tsarin ya haɗa ma'aikatu fiye da 20. Ya koma ƙarƙashin Ma'aikatar Tsaron Cikin Gida a 2003, aka rushe shi da wannan suna a 2012, ayyukansa kuma yau suna hannun hukumar CISA da aka kafa a 2018. Sunaye sun yi ta canzawa, aikin yana nan, kuma a ganina ya dace da abin da malaman fiƙihu suke kira farali kifaya: in wasu sun tsaya da shi an ɗauke wa sauran, in kuwa kowa ya bari, laifin ya hau kan al'umma duka.

Daga cikin abubuwan da waɗannan ma'aikata suka ƙago akwai wani ɗan kati da ake ba waɗanda aikinsu ya shafi ceton rai da tsaron ƙasa. An lura cewa ranar musiba ba yankewar waya ce kaɗai matsala ba. Cunkoso ne, gama kowa yana neman nasa a lokaci ɗaya, har layuka su toshe. Mai wannan kati yakan buga wata lamba da ta fara da 710, ya shigar da lambar sirrinsa, sai na'urorin kamfanoni su gane shi su sa kiransa a gaban layi. Ba a katse maganar kowa dominsa, amma da zarar hanya ta buɗe shi ake fara ba. Ran 11 ga Satumba 2001, da aka kai hari a kan tagwayen hasumiyoyin New York, da kwanakin da suka biyo, sa'ad da tarhon New York da Washinton suka cushe, Tsarin Sadarwa na Ƙasa ya ba da rahoton cewa an yi kira fiye da 10,000 ta wannan hanya, kuma fiye da kashi 95 cikin 100 sun shiga. Rushewar wani gini da ke kusa da hasumiyoyin ta lalata babban gidan wayar kamfanin Verizon da ke maƙwabtaka da shi, wanda kasuwar hannun jari ta dogara a kansa, amma injiniyoyi suka yi ta jan igiyoyi ta tagogi da kan tituna cikin ƙura da hayaƙi, har kasuwar ta buɗe ran 17 ga wata.

Amma a ranar 11 ga Satumbar ce kuma aka ga mafi munin abin da rashin jin juna yake haifarwa. Hasumiyar kudu ta faɗi da ƙarfe 9:59 na safe, ta arewa da ƙarfe 10:28. Tsakaninsu minti 29, waɗanda suka isa mutum ya sauko benaye masu yawa. 'Yan sandan da ke cikin jirage masu saukar ungulu sun hango halin da hasumiyar arewa take ciki, sun yi gargaɗi ta rediyonsu, amma rediyon 'yan sanda dabam, na 'yan kwana-kwana dabam. Shugabannin 'yan kwana-kwana su ma sun ba da umurnin fita, amma da yawa daga cikin mutanensu da ke can sama ba su ji ba, wasu ma ba su san hasumiyar kudu ta riga ta faɗi ba. 'Yan kwana-kwana 343 suka mutu a ranar. Ba zan ce rediyo kaɗai ya kashe su ba, gama akwai waɗanda suka ji umurnin suka tsaya taimakon raunana, kuma ajali in ya yi kira ba makawa. Amma kwamitin binciken da ya ba da rahoto a 2004 ya nemi a ware wa masu ceto zangon iska nasu na kansu, kuma sai a 2012 majalisa ta yi dokar da ta kafa hukumar FirstNet, sai a 2017 aka ba da kwangilar ginawa. Shekara 16 tsakanin masifa da soma magani ya yi yawa, kuma ban ga uzurin da zai wanke masu jinkirin ba.

Guguwar Katrina ta Agusta 2005 ta ƙara wani darasi mai sauƙin faɗi. Layukan tarho fiye da miliyan 3 suka mutu, turakun salula fiye da 1,000 suka daina aiki, cibiyoyin karɓar kiran gaggawa 38 suka yi shiru. Kuma da yawa daga abin da iska da ruwa suka bari, rashin mai ne ya ƙarasa shi, domin janareta ba ya aiki sai da dizal, masu kawo dizal da masu gyara kuwa jami'an tsaro suna tare su a shingaye saboda ba wanda ya ba su takardar shaidar cewa su ma masu ceto ne. Tun daga nan ma'aikacin sadarwar gaggawa ya san cewa rabin aikinsa shi ne sanin wa zai kawo mai, ta wace hanya, da izinin wa.

Akwai kuma ɓangaren amana, wanda shi ne ya fi taɓa rayuwar ma'aikacin kansa. Kafin a bar mutum ya taɓa mabuɗan sirri sai an bi diddigin rayuwarsa: inda ya zauna, da wanda ya aura, da bashin da ake binsa, da ƙasashen da ya je, da baƙin da yake hulɗa da su, bayan an ɗauke shi kuma, akwai abin da ba zai faɗa wa matarsa ba har ya koma ga Mahaliccinsa. A jihar West Virginia, ƙarƙashin wani ƙasaitaccen masaukin baƙi mai suna Greenbrier, an gina mafakar da 'yan majalisar dokoki za su koma in an yi yaƙin nukiliya, kuma shekara wajen 30 ma'aikatan da ke kula da wayoyinta da kayanta suna zaune a matsayin masu gyaran talabijin na masaukin, maƙwabtansu ba su san komai ba, sai da jaridar Washington Post ta fallasa wurin a 1992. Masu tarihi sun ruwaito cewa Halifa Mansur na Abbasiyawa ya lissafa mutum huɗu da mulki ba ya tsayuwa sai da su, alƙali da shugaban 'yan doka da mai karɓar haraji, na huɗunsu kuwa, wanda ya fi nuna ƙishirwarsa, shi ne mai kula da baridi wanda zai rubuto masa labarin sauran a kan gaskiya. Wanda labari yake bi ta hannunsa yana riƙe da abin da ya fi muƙaminsa girma, tun a wancan zamani har yau.

Abin da yake faruwa in wannan amana ta karye, tarihin John Walker ya nuna shi. Ƙaramin hafsa ne mai aikin waya a rundunar ruwan Amurka, bashi ya yi masa katutu, sai a 1967 ya shiga ofishin jakadancin Sobiyet a Washinton da ƙafarsa ya sayar musu da takardar mabuɗan sirri. Ya ci gaba da haka shekara kusan 18, ya jawo abokinsa, da wansa, da ɗan cikinsa, kuma ba wani mai bincike ne ya gano shi ba, tsohuwar matarsa ce ta kai ƙara, aka kama shi a 1985. Injinan ba su yi kuskure ba, hisabin da aka gina su a kai bai karye ba. Mutum ɗaya da aka bari shi kaɗai da mabuɗi ya isa. Bayansa aka tsananta ƙa'idar da ta ce kada mutum ɗaya ya kaɗaita da irin waɗannan kaya, sai su biyu, kowa shaida ne a kan ɗan'uwansa.

Duk abin da ya gabata magana ce ta ɓoyewa. Amma sana'ar tana da fuska ta biyu wadda take kishiyar ta farko, wato shela: isar da gargaɗi ga kowa da kowa cikin daƙiƙoƙi. Tun 1951, zamanin Shugaba Harry Truman, Amurka take da tsarin da gidajen rediyo za su katse shirye-shiryensu su ba da sanarwar hari, kuma an yi ta sake masa fasali, a 1963, da 1997, har zuwa 2012 da aka soma tura gargaɗi kai tsaye cikin wayoyin hannu. A nan ma'aikaci yana tsakanin wajibai biyu masu ja da juna: in ya yi jinkiri don ya tabbatar, mutane su halaka, in ya yi gaggawa bai tabbatar ba, ya firgita al'umma a banza, kuma gobe in ya yi shelar gaskiya ba za a saurare shi ba. Malaman hadisi sun san wannan mas'ala ta wata fuska, gama ba sa karɓar matani sai sun binciki isnadinsa. Masu wannan tsari su ma sun tanadi kalmomin shaida da ake rarraba wa gidajen rediyo a cikin ambulan rufaffe, don a gane saƙon gaske. Amma ran Asabar, 20 ga Fabrairu 1971, wani ma'aikaci a cibiyar gargaɗi da ke cikin dutsen Cheyenne a jihar Kolorado ya ɗauki zaren saƙon gaske maimakon na gwaji ya sa a inji, da kalmar shaidarsa daidai. Isnadi ya inganta, matani ƙarya. Wasu gidajen rediyo suka rufe kamar yadda doka ta ce, da yawa kuwa suka yi biris ko ba su ma lura ba, kuma aka ɗauki wajen minti 40 kafin a aika sokewa mai ɗauke da kalmar da ta dace.

Shekara 47 bayan haka, kusan abu ɗaya ya maimaitu a jihar Hawayi, sai dai wannan karon cikin aljihun kowa. Lokaci ne na zaman ɗar-ɗar da Koriya ta Arewa, an gaya wa mutanen tsibiran cewa makami daga can zai iso cikin kimanin minti 20, har an dawo da gwajin jiniyar hari a watan Disamba. Da safiyar Asabar, 13 ga Janairu 2018, daidai lokacin da masu aikin dare a hukumar gaggawa ta jihar suke miƙa wa masu aikin rana, shugaban masu dare ya shirya atisaye ba sanarwa, ya kunna wata murya da aka naɗa wadda ta faɗi a farko da ƙarshe cewa atisaye ne, amma a tsakiyarta akwai jimlar da ake faɗa a saƙon gaske, cewa wannan ba gwaji ba ne. Sauran ma'aikatan ɗakin suka gane atisaye ne; ɗaya ya ce shi bai ji farkon ba, ya gaskata, da ƙarfe 8:07 ya tura wa dukan jihar cewa makami yana tafe, kowa ya nemi mafaka. Iyaye suka cusa 'ya'yansu cikin ɗakunan wanka da ramukan magudanar ruwa, mutane suka yi ta kiran danginsu suna ban kwana. Cikin mintoci kaɗan hukuma ta san kuskure ne, Gwamna David Ige ma ya sani, amma ya amsa daga baya cewa bai san kalmar sirrin shiga shafinsa na Twitter ba. Saƙon gyara kuwa bai shiga wayoyi ba sai ƙarfe 8:45, bayan minti 38, saboda ba wanda ya taɓa tanadar rubutaccen saƙon da za a ce an yi kuskure.

An kori ma'aikacin, shugaban hukumar Vern Miyagi ya ɗauki alhaki ya yi murabus. Ba na wanke wanda ya tura saƙon, musamman da yake rahoton jihar ya ce ya taɓa rikita atisaye da gaske a baya; amma wannan kansa tuhuma ce a kan waɗanda suka sani suka bar shi a kujerar. Wanda ya rubuta atisayen da kalmomin gaske a cikinsa, da wanda ya zaɓi lokacin canjin aiki ba tare da shugaban masu rana ya fahimci cewa mutanensa za a gwada ba, da wanda ya tsara na'urar da mutum ɗaya zai iya girgiza mutum fiye da miliyan da ita ba mai duba shi, da waɗanda suka yi tanadin shela ba su yi tanadin janye ta ba, dukansu suna da rabo, kuma rabonsu ya fi nasa, domin su sun yi nasu kuskuren cikin natsuwa, shi kuwa ya yi nasa cikin 'yan daƙiƙoƙi yana zaton mutuwa tana bisa kan jama'arsa. Binciken hukumar sadarwa ta tarayya ma ya ɗora laifin a kan kuskuren mutum haɗe da rashin matakan kariya.

Hawayi ta dakatar da irin wannan atisaye, ta wajabta mutum biyu kafin a tura kowane gargaɗi, na gwaji ko na gaske, ta kuma shirya saƙon sokewa wanda za a iya aikawa nan take. Sanata Brian Schatz na jihar ya kai wa majalisa ƙudurin cewa gargaɗin harin makami mai linzami ya zama alhakin gwamnatin tarayya, ba na jiha ba, bisa hujjar cewa sojojin tarayya ne kaɗai suke da idon da zai ga makamin, saboda haka bai kamata labarin ya bi ta hannaye da yawa ba kafin ya kai ga jama'a.